Yadda Ake Zaɓar Sifar Sifaniyanci da ta Dace da Kalmar Ingilishi

Mafi yawan Hausawan Najeriya da Gana da ke koyon Sifaniyanci ta hanyar Ingilishi suke shigarsa, domin ƙamusoshin da ake samu cikin sauƙi da manhajojin koyon harshe na waya duk tsakanin waɗannan harsuna biyu aka gina su. Hanyar tana kai mutum inda yake so, amma akwai wurin da take da santsi, wato wajen sifa, kalmar da ke bayyana kamanni ko halin abu. Ingilishi yakan ɗora wa ƙaramar kalma guda kaya masu yawa, ta yadda "hot" da "old" da "free" da "nice" kowaccensu take ɗauke da ma'ana uku ko huɗu, shi kuwa Sifaniyanci yakan ware wa kowace ma'ana kalmarta daban. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki kalmar da ta fara zuwa a jeri zai rubuta jimlar da nahawunta daidai ne amma ma'anarta ta kauce, wani lokaci ma ta kauce zuwa abin kunya. Matakan da ke ƙasa su nake bi idan ina fassara, kuma su nake ɗora ɗalibai a kai tun daga farkon karatu.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ƙamus na Ingilishi da Sifaniyanci wanda yake raba ma'anoni da lambobi, kuma yake sanya ɗan bayani a gaban kowace ma'ana, misali cewa wannan ta abinci ce, waccan kuma ta yanayi. Manyan ƙamusoshin Collins da Oxford suna yin haka, haka ma WordReference da ake buɗewa kyauta a intanet. Ƙaramin ƙamus na aljihu, wanda ke jera kalmomi huɗu da waƙafi a tsakaninsu ba tare da wani bayani ba, shi ne tushen yawancin kurakuran da nake gani a takardun masu koyo.

Abu na biyu shi ne ƙamus na Sifaniyanci zalla. Wanda aka fi dogara da shi shi ne Diccionario de la lengua española na Real Academia Española, cibiyar kula da harshen da aka kafa a Madrid a shekarar 1713. Bugunsa na 23 ya fito a 2014, ana sabunta shi a intanet, kuma ba a biyan ko kwabo wajen duba shi. Mai koyo yakan ji tsoronsa saboda babu Ingilishi a ciki, amma abin da kake buƙata daga gare shi a farko bai wuce gajerun alamomin da ke gaban kowace ma'ana ba. Alamar coloq. tana nufin maganar hira ce, vulg. da malson. suna nuna kalmar da ba a faɗa a gaban manya, despect. tana nuna raini, desus. tana nuna an daina amfani da ma'anar, sannan Am. da Méx. da Arg. da Esp. suna faɗa maka yankin ko ƙasar da ake faɗin haka.

Abu na uku shi ne wurin ganin jimloli na gaskiya. Ita wannan cibiya tana da taskar rubuce-rubucen ƙarni na 21 mai suna CORPES XXI, inda ake iya tace sakamako ƙasa-ƙasa. Wanda ya ga ta yi masa nauyi sai ya fara da Linguee ko Reverso Context, ko shafukan jaridu irin su El País na Sifaniya da Clarín na Ajantina da El Tiempo na Kolombiya. Na huɗu kuma littafin rubutu ne da biro. Idan babu kuɗin data, ƙamus na takarda mai ɓangare biyu ya wadatar, muddin za ka yi aiki da ɓangarorin biyu kamar yadda za a gani a mataki na 4. Manhajar fassara ta na'ura kuwa a ajiye ta sai an gama, domin idan ka ba ta kalma guda ba ta da hanyar sanin ma'anar da ke zuciyarka.

Mataki na 1: Rubuta cikakkiyar jimla, ka gano sunan da ake sifantawa

Kada ka taɓa zuwa ƙamus da sifa ita kaɗai. Rubuta jimlar da kake son faɗa gaba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin sunan da sifar take bayyanawa, sannan ka tambayi kanka ko mutum ne, ko abu, ko abinci, ko yanayin gari, ko lokaci. Rabin aikin a nan yake ƙarewa, domin ƙamusoshi masu kyau da irin wannan rabe-raben suke tsara ma'anoninsu.

Mataki na 2: Faɗi jimlar da Hausa kafin ka nemi ta Sifaniyanci

Wannan mataki ne da Bature mai koyon Sifaniyanci ba shi da shi, kuma a ganina shi ne mafi amfani ga Bahaushe. Sau da yawa Hausa ta riga ta raba ma'anonin da Ingilishi ya cure wuri guda, kuma inda ta raba, nan ne Sifaniyanci ma ya raba. Ɗauki "hard". Idan tauri kake nufi, kamar na dutse ko busasshen burodi, duro ne. Idan wuya kake nufi, kamar ta jarrabawa, difícil ne, ko da yake ana cewa un trabajo duro ga aikin da ke cin jiki. Ɗauki "free". Abin da aka bayar kyauta gratis ne ko gratuito, wanda ba a tsare yake ba ko yake da 'yanci libre ne, haka ma kujerar da babu kowa a kanta. Wanda ya rubuta la comida es libre yana son cewa abinci kyauta ne, ya dai ba abinci 'yanci. "Light" idan rashin nauyi ne ligero ake cewa, ko liviano a yawancin ƙasashen Latin Amurka, idan kuma launi ne mai haske sai a ce claro, kamar azul claro. "Right" idan hannun dama ne la mano derecha, idan amsa ce da ta yi daidai la respuesta correcta.

Sai dai akwai wuraren da Hausa ba za ta cece ka ba, domin ita ma ta cure. Muna cewa dogon mutum da dogon titi, gajeren yaro da gajeren wando, duk da kalma ɗaya. Sifaniyanci yana duba yadda aka auna abin. Abin da ake aunawa daga ƙasa zuwa sama, kamar mutum ko gini ko bishiya, alto ne ko bajo. Abin da ake aunawa daga wannan baki zuwa wancan, kamar titi ko igiya ko gashi ko hannun riga, largo ne ko corto. Lokaci da jawabi suna ɗaukar corto ko breve. A kula sosai da corto idan ana maganar mutum, domin a Sifaniya idan aka ce wane es un poco corto, ba tsawonsa ake nufi ba, cewa ake yi kansa ba ya ja.

Mataki na 3: Tabbatar cewa sifa ce ake buƙata

Akwai tarin abubuwan da Ingilishi ke faɗa da sifa, amma Sifaniyanci da suna yake faɗarsu tare da aikatau tener, wato mallaka, ko hacer, wato yi. Babu misalin da ya fi "hot" nuna wannan, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa.

Idan abu ne mai zafi da za a iya taɓawa ko a sha, caliente ne, kamar el té está caliente, shayin yana da zafi. Idan gari ne ya ɗauki zafi, ba a nemo sifa, sai a ce hace calor, daidai da yadda muke cewa ana zafi. Idan kana son sifanta wuni ko wata da zafi, kamar watan Afrilu a Sakkwato, sai ka ce un mes caluroso. Cálido kuma ya fi zuwa a rubutu, wajen bayanin yanayin ƙasa mai ɗumi, un clima cálido, ko tarbar da aka yi da sakin fuska, una cálida bienvenida. Idan zafin barkono ne, picante ake cewa, Meziko kuma suna da picoso, kuma a can za ka ji mai sayen abinci ya nuna miyar barkono yana tambaya da aikatau kawai, ¿pica mucho?, wato tana da yaji sosai? Wanda ya ce wa baƙo tsiren Kano está muy caliente ya gargaɗe shi ne kada ya ƙona baki da zafin wuta, bai ce komai ba game da yajin.

Saura zafin da mutum ke ji a jikinsa, kuma nan ne tarkon yake. Abin da ake cewa shi ne tengo calor, wanda ya yi daidai da ina jin zafi. Mai koyo da ya bi ginin Ingilishi zai ce estoy caliente, alhali a ƙasashe da yawa wannan yana nufin sha'awa ce ta taso masa, a Ajantina kuma yana iya nufin ransa ya ɓaci. Jimla ce da ba a faɗa a ofis ko a gidan da aka sauke ka baƙunci.

Haka tsarin yake ga sauran abubuwan da jiki ke ji, kuma kunnen Bahaushe ya saba da shi. Tengo frío ina jin sanyi, tengo hambre ina jin yunwa, tengo sed ina jin ƙishirwa, tengo sueño ina jin barci, tengo miedo ina jin tsoro, tienes razón kana da gaskiya. Tunda waɗannan sunaye ne ba sifofi ba, ba a ƙarfafa su da muy, sai da mucho ko mucha. Tengo mucha hambre ake cewa, da hace mucho calor. Duk takardar da na ga muy hambre a cikinta, na san mai ita ya tsallake wannan mataki.

Mataki na 4: Karanta bayanin ƙamus har ƙarshe, sannan ka juya ka duba ta baya

Yanzu ne lokacin buɗe ƙamus mai harshe biyu. Karanta dukkan ma'anonin, kada ka tsaya a ta farko, ka fitar da kalmomi biyu ko uku da suka dace da irin sunan da ka ja wa layi. Sannan ka ɗauki kowacce ka duba ta a ƙamus na Sifaniyanci zalla, ko a ɗaya ɓangaren ƙamus ɗinka na takarda, ka ga abin da za ta mayar maka. Idan ka shiga da "cheap" ka fito da barato, sannan ka juya barato ya dawo maka da ma'anar araha kawai, ka san ba zai yi wa marowaci ba, shi tacaño ne.

Wannan juyawar ita ce maganin kalmomin da suke kama da na Ingilishi a ido amma ma'anarsu daban. Suna da yawa saboda Ingilishi ya ari kalmomi birjik daga Latin da Faransanci, kuma bayan aron kowane harshe ya ja ma'anar ta tasa hanyar. Wadda ta fi shahara ita ce embarazada, wadda ke nufin mai juna biyu, ba wadda kunya ta kama ba, ita wannan avergonzada ce. Largo dogo ne, ba babba ba, babba grande ne. Sensible mai saurin jin abu a rai ne, mai hankali kuwa sensato. Actual na yanzu ne, na ainihi real ko verdadero. Educado mai ladabi ne da tarbiyya, ko da bai taɓa shiga aji ba, mai zurfin karatu kuwa culto ko instruido. Simpático mai fara'a ne, ba mai tausaya wa wani ba, shi wannan comprensivo ko compasivo. A Sifaniya constipado mai mura ne, wanda cikinsa ya ɗaure kuwa estreñido, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci a gaban mai sayar da magani. Ƙa'idata ita ce, duk sifar da ta zo maka a sauƙaƙe saboda ta yi kama da ta Ingilishi, ita ce za ka fi tsananta wa bincike.

Mataki na 5: Zaɓi tsakanin ser da estar

Sifar da ta dace tana iya lalacewa idan aka haɗa ta da aikatau da bai dace ba. Sifaniyanci yana da aikatau biyu, ser da estar, a inda Ingilishi ke da "to be" kaɗai. A taƙaice, ser yana faɗin irin abin da mutum ko abu yake, estar kuma yana faɗin halin da aka same shi a ciki. Littattafai da yawa suna koyar da cewa ser na dindindin ne, estar na wucin gadi, amma kada ka riƙe wannan da ƙarfi, domin está muerto ake cewa ga mamaci, kuma es joven ake cewa ga matashi, alhali mutuwa ba ta wucewa, ƙuruciya kuwa tana wucewa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne sifofin da ma'anarsu ke sauyawa gaba ɗaya. Es listo yana da wayo, está listo ya shirya. Es aburrido mutum ne mai gundura, está aburrido shi ne gundura ta kama. Es malo mugu ne, está malo ba shi da lafiya. Es rico attajiri ne, está rico kuma abinci ne ya yi daɗi. Es verde kore ne, está verde bai nuna ba, kamar ɗanyen mangwaro. Es orgulloso mai girman kai ne, está orgulloso de su hija kuwa yana alfahari da 'yarsa. Es bueno mutumin kirki ne, amma está bueno idan aka faɗa wa mutum, a hira yakan koma yabon surar jiki irin wanda bai dace da mai kamun kai ba, saboda haka a bar shi ga abinci. Wanda aka tambaya lafiyarsa estoy bien yake cewa.

Mataki na 6: Yanke shawarar inda sifar za ta zauna

Mazaunin sifa na yau da kullum a Sifaniyanci bayan suna ne, kamar una casa blanca, farin gida. Idan kana shakka, ajiye ta a baya, da wuya ka yi kuskure. Amma akwai 'yan sifofi da ma'anarsu ke bin mazauninsu, kuma "old" tana cikinsu. Un amigo viejo aboki ne mai yawan shekaru, un viejo amigo kuwa aboki ne da aka daɗe tare, ko da shekarunsa 30 ne. Una ciudad antigua birni ne mai daɗaɗɗen tarihi, amma un antiguo alumno tsohon ɗalibi ne, wato wanda ya gama ya tafi. Inda muke cewa tsohon gwamna, su antiguo gobernador suke cewa ko exgobernador, wanda tun ƙa'idar rubutu ta 2010 ake haɗe shi kalma guda. Un hombre pobre talaka ne, un pobre hombre kuma bawan Allah ne abin tausayi, ko da yana da dukiya. Una mujer grande mace ce mai girman jiki, una gran mujer mace ce mai daraja. Un coche nuevo mota ce sabuwa fil, un nuevo coche kuwa wata ce aka sake, tana iya zama ta hannu.

Lura cewa wasu sifofi suna gutsurewa idan suka zo gaban suna tilo. Bueno da malo da primero da tercero suna komawa buen da mal da primer da tercer a gaban namiji kawai, grande kuwa yana komawa gran a gaban namiji da mace duka.

Mataki na 7: Duba ƙasar mai sauraro da matsayinsa

Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20 ban da tsibirin Puerto Rico, ciki har da Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, kuma sifofin hira su suka fi bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Mai fushi enfadado ne a Sifaniya, enojado a yawancin Latin Amurka, a Kolombiya kuma za ka ji bravo. Abu mai kyan gani bonito ne a ko'ina, amma lindo ya fi yawa a bakin mutanen Latin Amurka. Guapo kyakkyawan mutum ne a Madrid, a Jamhuriyar Dominika kuwa está guapo yana nufin ya fusata.

"Nice" ita ce ta fi kowacce wahalar da ɗalibai, domin a Ingilishi kusan ba ta da takamaimiyar ma'ana. Mutum mai fara'a da daɗin hira simpático ne, mai kirki da taimako da iya tarbar mutane amable ne, wuri ko yanayi ko zaman hira mai daɗi agradable ne, riga ko gida mai kyau bonito, abinci kuma rico ko bueno. Akwai na hira irin su majo a Sifaniya da chévere a Benezuwela da Kolombiya, amma ina ba mai koyo shawarar ya gane su idan ya ji, ya jinkirta faɗarsu sai ya zauna da masu su. A wasiƙar neman aiki ko gurbin karatu, ko a DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, kalmar da kowa ya sani ta fi tsaro.

Batun girmamawa ma a nan yake shigowa. Viejo daidai ne ga takalmi da mota, amma idan aka faɗa wa mutum a gabansa yakan yi kaushi. Dattijo una persona mayor ne, ko anciano a rubutu. Mayor ɗin nan shi ake amfani da shi ga yaya, mi hermano mayor. Kada ka ruɗe idan ka ji ɗan Ajantina yana kiran mahaifinsa mi viejo, wannan kiran ƙauna ne na cikin gida, kamar yadda wasu samarinmu ke cewa tsohona, kuma baƙo ba ya aron sa. Haka delgado ya fi flaco taushi wajen siririn mutum.

Mataki na 8: Daidaita jinsi da adadi

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ke cewa farin doki da farar riga da fararen kaya. Sifar da ta ƙare da o tana da siga huɗu, kamar alto, alta, altos, altas. Wadda ta ƙare da e ko da baƙi yawanci ba ta bambanta namiji da mace, kamar caliente da difícil, jam'i kawai take nunawa, calientes da difíciles. Waɗanda suka saɓa su ne sifofin da ke nuna ƙasar mutum da masu ƙarewa da dor, kamar español da española, trabajador da trabajadora. Mai ƙarewa da z tana mayar da shi c a jam'i, feliz ta koma felices, gratis kuwa ba ta canjawa ko kaɗan. Idan sifa guda tana bayyana namiji da mace tare, jam'in namiji take ɗauka.

Gargaɗi biyu ga Bahaushe musamman. Na farko, jinsin Hausa ba ya bin na Sifaniyanci, rana mace ce a wurinmu amma el sol namiji ne, wata namiji ne amma la luna mace ce. Na biyu, mun saba cewa sunan da ya ƙare da a mace ne, kuma galibi haka yake a Sifaniyanci, amma problema da idioma da clima da día da mapa duk maza ne, saboda haka un problema serio ake cewa. Mano kuma mace ce duk da o ɗinta. Agua mace ce da ke ɗaukar el don sauƙin furuci kawai, sifarta ta mace ce, el agua fría.

Mataki na 9: Gwada sifar tare da sunanta a rubutun masu harshen

Akwai kalmomin da ƙamus zai ce daidai ne amma masu harshen ba sa haɗa su da wannan sunan. "Heavy" pesado ne ga buhu ko akwati, amma ruwan sama mai ƙarfi lluvia fuerte ne ko lluvia intensa, cunkoson motoci tráfico denso ko kawai mucho tráfico, mai yawan shan taba fumador empedernido. Idan ka kira mutum pesado kuwa, ka ce masa mai naci ne da ya ishi jama'a.

Hanyar gwaji ita ce ka rubuta sunan da sifar tare a cikin alamar zance, ka nema a taskar jimloli ko a injin bincike. Kada yawan sakamako ya yaudare ka, domin intanet cike take da shafukan da na'ura ta fassara daga Ingilishi, masu ɗauke da irin kuskuren da kake gudu. Taƙaita binciken ga shafin jarida guda ta hanyar rubuta site: sannan adireshinta, ka karanta jimloli biyar ko shida ka ga ko halin da ake ciki a cikinsu irin naka ne. Idan kana da abokin da Sifaniyanci harshensa ne, kada ka tambaye shi ko jimlarka daidai ce, domin kara za ta sa ya ce e muddin ya fahimta. Bayyana masa abin da kake nufi, ka tambaye shi yadda shi zai faɗa.

Mataki na 10: Rubuta abin da ka samu tare da sunansa

A littafinka kada ka rubuta cewa "hot" ita ce caliente. Ba kowace kalmar Ingilishi shafi guda, ka jera gajerun jimloli a ƙarƙashinta, té caliente, día caluroso, salsa picante, tengo calor, hace calor, kowacce da ma'anarta da Hausa a gefe, da alamar ƙasa idan ta wata ƙasa ce. Bar rabin shafin babu komai, domin za ka ci gaba da cin karo da sababbi.

Ga yadda matakan ke tafiya a kan jimla guda, "My old teacher is a short man, very nice, and he likes hot food." Da Hausa, malamin da ya taɓa koyar da ni gajere ne, mutumin kirki, kuma yana son abinci mai yaji. Tsohon malami a nan wanda aka rabu da ajinsa ne, saboda haka antiguo ne a gaban suna. Gajartar ta tsayuwa ce, bajo ke nan, ba corto ba. Kirkinsa ake yabo ba barkwancinsa ba, sai a ɗauki amable. Zafin na barkono ne, picante, kuma tunda ta ƙare da e ba ta canjawa duk da cewa comida mace ce. Bayanin irin mutumin ake yi, aikatau ser ne. Jimlar ta zama Mi antiguo profesor es un hombre bajo, muy amable, y le gusta la comida picante. Idan a hira ce, da yawa za su ce bajito don tausasawa, ɗan Meziko kuma yana iya cewa chaparro da picosa. Da a ce malamin dattijo ne da har yanzu yake koyar da kai, sai antiguo ya fita gaba ɗaya, a ce mi profesor, que ya es mayor, es un hombre bajo.